Gonar da Aka Zagaya da Igiyar Guga

Ranar wata Alhamis ce, a kakar shekarar da na shiga aji biyar na firamare, aka kwaso geron gidanmu daga gona. Tun hantsi amalanke ke zuwa yana komawa, har aka yi tsibi biyu na dammuna a ƙofar zaure, ɗaya na mahaifina, ɗaya na ƙanensa Baffa Sule, wanda muke gida ɗaya da shi a Birnin Kudu, danga ce kawai ta raba sassanmu. Mu yara muna ta tsalle a kan zangarniyar da ta zube, kaji na bin mu, ƙaiƙayi ya cika mana wuya. Al'adar unguwarmu ita ce ba a kai dami rumbu sai an fitar da zakka a gaban kowa: a ƙirga tara a ajiye, na goma a ware shi gefe. Ba mai tambayar wani nawa ya noma, wannan rashin ta-ido ne. Amma kuma ba a bukatar tambaya, don duk mai wucewa zai saci kallon tsibin zakka, ya ninka shi goma a zuci, ya yi sallama ya wuce. Ko tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar makaranta ba ta ƙware a wannan lissafi. A ranar ma, kamar kowace shekara, duk inda zakkar Baffa ta yi dami uku, tamu biyu take yi.

Gwaggo Hansai, yayar su Baba da ke aure a Gwaram, ba ta taɓa fashin ranar kwasar gero ba. Takan zo da ƙullin daddawa da kuka, ta koma da abin da ya fi ƙarfin kanta. Mace ce mai kirki a hannu, amma bakinta ba linzami. Ta tsaya a bakin zaure ta dubi wannan tsibi, ta dubi wancan, ta gyara mayafi, sannan ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "Ƙasa ba ta ƙarya. Wanda ya rabu da uba lafiya, ko a kan falalen dutse ya shuka sai ya girba." Baffa ya yi kamar bai ji ba, ya shiga yi wa 'ya'yansa faɗa a kan ɗaurin dami. Baba yana sunkuye da dami a hannu. Ya ajiye shi a hankali, ya karkaɗe tafinsa, ya shige cikin gida. Tuwonsa na ranar haka Inna ta ɗauke shi kamar yadda ta ajiye.

Duk unguwa ta san inda maganar ta dosa. Ina ƙarama sosai Baba ya tafi ci-rani kudu, alhali kakanmu Malam Audu ya ce ya zauna. Yana can tsoho ya kwanta ciwo. An ce kwana da kwanaki yana tambaya ko Haruna ya dawo, wato Baba ke nan, kuma da sunansa a baki ya cika. A lokacin ba waya a hannun mutane, saƙo sai a bakin direba, kafin ya isa ya dawo da Baba har an yi sadakar bakwai. Ba wanda ya ji tsoho ya yi masa baki, ba kuma wanda ya ji ya yafe masa. Wannan giɓi shi mutane suka cike da abin da suka ga dama.

Bayan arba'in aka zauna rabon gado. Limamin unguwarmu ne ya yi shi, mutumin da ya gaji karatu kaka da kakanni, kuma har yau ban ga wanda ya kai shi iya kasafi ba. Da yatsa yake zana rabo a kan rairayi, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, ya fitar wa kowa nasa har akuya da tabarma, ba wanda ya tashi da ƙorafi. Gwaggo aka ba ta ɗan lambun fadama. Saura manyan gonaki biyu, ga 'ya'ya maza biyu. Ɗaya ita ce Gonar Ɗorawa, a kan hanyar Wurno, shimfiɗaɗɗiya, gefenta huɗu kusan daidai suke. Ɗayar kuwa Gonar Gindin Dutse, doguwa siririya, ta bi gindin duwatsu ta lanƙwasa, wanda ya tsaya a farkonta ba ya hango ƙarshenta. Tsoho yana raye gandu ake yi, amfanin duka biyun rumbu ɗaya yake shiga, don haka ba wanda ya san abin da kowacce ke bayarwa ita kaɗai. Dattawa suka ce a auna kamar yadda aka saba. Aka kwance igiyar gugar rijiyar masallaci, don ita ba ta kowa ba ce, ba mai zargin ta. Aka zagaya Gonar Ɗorawa da ita, igiya arba'in. Aka zagaya ta Gindin Dutse, igiya arba'in cif. Jama'a suka yi kabbara, suka ce kamar tsoho ya auna su tun yana raye. Aka yi ƙuri'a da guntayen kara, Gindin Dutse ta faɗo wa Baba, aka shafa fatiha. Har akwai waɗanda suka yi masa barka, wai tasa ce mai gajiyar da ƙafa.

Daga nan Baba bai bar wa gonar nan komai ba. Tun rani yake kai taki a mangala, toka da kashin awaki da duk sharar gidanmu. Ya roƙi Fulani su kwana da shanu a ciki. Ya tura Inna gidansu ta karɓo irin gero daga wajen kawunta. Noman farko da maimai duk shi ke riga kowa farawa, shi da yayana Lawan kawai, alhali Baffa yana da samari uku, shi ya sa kwanakin aikinsu sukan zo ɗaya, ba wanda ya lura da komai. Ni ce mai kai musu kunu da rana, in ɗora ƙwarya a kan gammo in bi kunya har ƙarshe, ina tsine wa tsawonta a zuciyata. Gero kuwa ya yi kyau, kara kamar rake, zangarniya cike, duk mai wucewa sai ya ce ma sha Allah. Abin da ya sa maganar Gwaggo ta samu wurin zama ke nan. Da geron ya lalace, da an ce ƙasa ce ko ruwa. Amma abu ya yi kyau a tsaye ya ƙi auki a ɗaure, wannan a wajen mutanenmu sunansa ɗaya, rashin albarka.

Baba ya yarda da maganar, kuma wannan ne ciwon. Mutum ne marar yawan magana, sai ya ƙara yin shiru. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci yakan wuce maƙabarta, ya daɗe, ya dawo idonsa ja. Ya yi sadakar waina, ya sa an sauke Alƙur'ani. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kwana kaɗan bayan waccan Alhamis, ina wanke-wanke a bakin rariya na ji yana gaya wa Inna cewa da an gama sussuka zai ba da aron gonar ya koma kudu, don ƙasar da ubansa ke kwance a cikinta ta ƙi shi, bai ga amfanin ya zauna yana ja da ita ba. Inna ta ci gaba da tankaɗe, amma garin duk a ƙasa yake zuba. Ni tsoro ne ya kama ni, don na san 'ya'yan da iyayensu suka tafi kudu, wasunsu sai a hoto suke ganin su.

A makaranta ba na cikin masu son lissafi. Hankalina yana kan carafke da 'yar gala-gala, da ɗanwaken da ake sayarwa a gindin darbejiya lokacin tara. Malaminmu na lissafi, Malam Isiyaku, daga Yalwan Damai yake zuwa a kan keke, ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba, kuma bulalarsa tana riga bakinsa magana. Biyu sau biyu huɗu, biyu sau uku shida, haka muke rerawa kamar waƙar daka, wanda ya yi tuntuɓe ya miƙa hannu. Amma yana da wasu ranaku, musamman in alli ya ƙare, da yakan kore mu waje mu yi darasi a ƙasa. A irin wannan rana ce ya zo da zaren saƙa, ya yanka shi guda-guda tsawo ɗaya, ya ƙulla bakin kowanne, ya raba mu rukuni-rukuni. Ya ce kowane rukuni su shimfiɗa zarensu a siffar da suke so, su cika cikinsa da 'ya'yan tsamiya, a jere, kada wani ya hau wani. Mu 'yan mata muka yi namu dogo siriri kamar gidan gala-gala, muka gama da wuri muna yi wa maza dariya. Su sun yi nasu mai kusurwa huɗu, 'ya'yan tsamiyarsu suka ƙare, sai da suka zo roƙon namu. Wasu kuma sun bar nasu a zagaye kamar faifai, su ne suka fi kowa ci.

Malam Isiyaku ya faɗi sunayen abin da Turanci, ban riƙe su a ranar ba. Abin da na riƙe shi ne da ya nuna bakin zaren da tsinin bulalarsa, sannan ya nuna tsakiya, ya ce, "Gefe daban, ciki daban. Kada wanda ya ƙara auna mini gefe ya ce ya san ciki." Ya tambaye mu dalilin da ya sa kakanninmu suka gina rumbu a zagaye, da rijiya, da ɗakin kara. Muka ce haka suka tarar. Ya ce to, wanda suka tarar a wajensa ya gane cewa da laka kaɗan zagaye ke ɗaukar hatsi mai yawa, ko da bai iya faɗinsa da baki ba. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka watse da gudu. Ni na tsaya a kan dogon zarenmu, ina kallon 'yan tsirarun 'ya'yan tsamiyar da ke cikinsa. Kunun da nake kaiwa gona ne ya faɗo mini a rai, da doguwar tafiyar nan, da yadda in na tsaya a tsakiyar gonarmu nakan iya jefa dutse ya faɗa ta maƙwabci. Na tsince zaren na ɗaure a bakin zane.

Inna na fara nuna wa, a kan faifai, da waken da take tsincewa. Ta kalla sau ɗaya ta gane, don mai auna gari da mudu kullum ba a yi mata dogon bayani. Sai ta kwashe wakenta ta mayar cikin ƙwarya. Ta ce, "Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Kin san gidaje nawa gona ta raba a garin nan?" Gaskiya ta faɗa, mun san 'yan uwa ciki ɗaya da ba sa gaisawa saboda kunya biyu ta iyaka. Na yi shiru kwana biyu. A na uku na ga ta fito da tsohuwar jakar Baba ta tafiya tana ɗinke mata hannu. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta tura mini ƙwaryar waken da ƙafa.

Bayan la'asar na same shi a gindin rumbu yana gyara ƙotar fartanya. A gidanmu 'ya mace ba ta zama gaban uba haka kawai, don haka na durƙusa daga ɗan nesa, na ce Malam ya ba mu aiki ne ina so ya duba mini. Na shimfiɗa zaren mai kusurwa huɗu na cika shi da wake. Na kwashe na ajiye gefe, na ja zaren ya yi tsawo, na mayar da waken nan dai, ya cika ya bar saura mai yawa a hannuna. Ya ce in sake, na sake. Ya ce zaren yana miƙewa, ya tashi ya kwanto igiyar akuya, ya ƙulla da kansa, ya share ƙasa da tafin hannu, ya yi da tsakuwa. Sau uku yana yi, yana canza siffa. Har aka kira magariba yana tsugune, ban ambaci gona ba, shi ma bai ambata ba.

Washegari Asabar, ba makaranta. Da sassafe ya ce in ɗauko gora in biyo shi. Ya biya masallaci ya ari igiyar guga, ya ce wa ladan tasa ce ta tsinke. Gonaki duk an girbe, sai kututturen kara da shanu jefi-jefi. Muka fara da ta Baffa, ni riƙe da baki ɗaya, shi da ɗaya, wannan karon ba zagayawa muka yi ba, tsawo muka auna da faɗi: igiya goma nan, goma nan. Muka tafi Gindin Dutse, tsawo sha shida, faɗi huɗu. Na buɗe baki zan rera masa goma sau goma, ya ɗaga mini hannu, don bai yarda da waƙar makaranta ba. Ya tara tsakuwa ya jera layi goma, kowanne tsakuwa goma. A gefe ya jera layi huɗu, kowanne sha shida. Sannan ya shiga ɗauka, ɗaya daga nan, ɗaya daga can, yana jefarwa tare. Tsakuwar gonarmu ta ƙare, ta Baffa kuwa saura layi uku da wani abu suna kwance a ƙasa. Ya zauna a kan kunya yana kallon su. Da na girma na gane awon namu bai cika daidai ba, gona ba ta miƙe kamar zane a allo, amma ratar ta fi ƙarfin kuskure. Bayan wani lokaci ya ce, a hankali, kamar ba da ni yake ba, "Ashe ƙasa ce ba ta kai ba." Ya karɓi gorar ya shanye ruwan duka, ya ce yunwa yake ji.

A hanyar gida na tambaye shi yaushe za a gaya wa Baffa da Liman, don ni har na hango ranar da Gwaggo za ta haɗiye maganarta a gaban jama'a. Ya tsaya ya juyo. Ya ce, "An yi rabo, an shafa fatiha, ba wanda ya cuci wani da gangan. Ni ba gona nake nema ba." Ya ce maganar ta tsaya tsakaninmu da Inna, in kuwa ya ji ta a waje ya san bakin da ta fito. Na ji haushi, kuma na daɗe ina jin sa. Lissafi bai ƙara mana dami ko ɗaya ba. Kaka ta zagayo, zakkarmu biyu, ta Baffa uku, Gwaggo ta zo ta gyara mayafi ta faɗi abin da ta saba, har ta koma ga Allah ba ta sauya ba. Abin da ya sauya shi ne Baba yakan ce mata, "Allah ya ba mu albarka, Yaya," ya ci gaba da ƙirga. Jakar tafiya ta koma bisa rataya. Juma'a bai daina zuwa maƙabarta ba, amma yakan dawo da rake ko goruba a aljihu, ya ci tuwonsa har ya nemi ƙari.

Yau ni ke koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata, abin da zai ba Malam Isiyaku dariya da yana raye. Kowace shekara nakan fitar da ɗalibaina waje da zare da 'ya'yan tsamiya. Nakan nuna musu cewa dokar da ta sa aka gina rumbu a zagaye ita ce ta dunƙule ɗigon raɓa a kan ganye, ita ce ke sa kyanwa ta nannaɗe jikinta lokacin sanyi, kuma masu binciken taurari da masu haɗa magani duk da irin wannan tambaya suke farawa: me muka auna, kuma shi ne abin da muke son sani? Yawancinsu jarrabawa suke tunani, ban kuma ga laifinsu ba.

Da Baba ya rasu, muka taru rabon Gindin Dutse. Yanzu rijiyar masallaci an rufe ta, famfo ake murɗawa, yaran unguwa ba su san igiyar guga ba. Ɗan yayana ne ya bi iyakar gonar da waya a hannu, ta fitar masa da girman cikinta kafin shayi ya huce. Baffa Sule, wanda ya tsufa har sai da sanda, ya ce shi bai yarda da wannan abu ba, a nemo igiya a zagaya kamar yadda aka yi musu. Lawan ya ce Baba ya bar wasiyya guda a kan gonar, cewa in za a raba a auna ciki, kada a zagaya. Baffa ya tambayi dalili. Aka dubi juna, Inna ta dube ni daga bakin ƙofa, ta gyaɗa kai. Na aika aka kawo zare da wake, na durƙusa a gabansa kamar yadda na durƙusa a gaban wansa. Shi ma sai da ya sa na sake. Ya daɗe yana juya sauran waken a tafinsa, sannan ya ce, "Tun yaushe ya sani?" Na ce tun ina aji biyar. Ya ce, "Kuma kullum a kwano ɗaya muke cin tuwo."

Waya ta iya awon da dattawanmu ba su iya ba, kuma ina murna da hakan, don ba wanda zai sake rama a kan kuskuren igiya. Amma nakan yi kewar mutumin da ya zauna a kan kunya da tsakuwa a gabansa. Ya san rabonsa bai cika ba, ya tashi ya tafi gida da yunwar tuwo.